Yaya Mamman Hakam da Ruwan Hawasha

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallo a hillarmu, wato ƙauyenmu, ya san ba a fara wasa sai Yaya Mamman ya gama auna fili da ƙafarsa. Ku da kuka san shi kun tuna yadda yake yi. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe jallabiya zuwa gwiwa, ya tsaya a kusurwar gabas, ya fara ƙirga taki da ƙarfi. Mutum ashirin da biyu na tsaye rana na gasa su, 'yan kallo na ta tsaki, shi ko a jikinsa. Idan wani ya yi masa magana lissafi ya ɓace, sai ya koma kusurwa ya sake daga ɗaya. Da haka muka koyi yin shiru.

Yana da hujjarsa, ban ce ba shi da ita ba. Filinmu ba ya zama wuri ɗaya. Duk shekara akwai ƙasar da hukumar noma ke bari ta huta, nan muke wasa, baɗi a nome ta a shuka auduga, mu tattara turakunmu mu koma wata. Ni Isiyaku ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, gona ɗaya muke nomawa, kuma ni ne mai tsaron gida na ƙungiyar hilla, don haka babu wanda ya sha wuyar mutumin nan kamar ni. Ya ɗan yi aikin leburanci a Makwar, can ya ga yadda ake alƙalancin wasa, ya dawo da usur a aljihu. Babu wanda ya naɗa shi. Ranar farko kawai ya shiga tsakiyar fili ya busa, muka tsaya, kuma daga ranar ya zama Hakam, kamar yadda ake kiran alƙalin wasa a nan.

Akwai ranar da 'yan Wad Haddad za su zo mana a mota. Da hantsi na lallaɓa fili na tone turke ɗaya na gidan da na saba tsarewa, na matso da shi ciki kamar kamu guda, na daddale ƙasa da ƙafa. Na koma gida ina jin kaina gwanin dabara. La'asar ta yi, baƙi suka iso, Yaya ya auna fili, ya auna gidan can, ya zo nawa ya auna. Ya sake aunawa. Bai tambayi kowa ba, kai tsaye ya kira sunana, ya sa na tone turken da hannu a gaban baƙi na mayar inda yake. Ina tono ya duƙo kusa da kunnena.

"Isiyaku, haram ɗin na bar ma Allah. Amma ka mance bayan hutu su za su tsaya wanga gida, ku ku riƙa neman shi?"

Wallahi na manta. Har yau idan na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Sai maganar usur ɗin, wanda ya riƙe shekaru ya ƙi sayen sabo. Ɗan ƙwallon da ke cikinsa ya faɗi tun a shekara ta biyu. Aka ce ya aika a sayo wani a Sinnar, ya ce ƙarfen lafiyarsa ƙalau, ɗan cikin ne ya tafi. Ya ɗauki angurya, ƙwayar auduga, ya tusa. A farkon wasa kukan yana fita tas. Kafin a je hutu yawu ya jiƙa anguryar ta kumbura, usur ya koma kukan ɗan tsako mai mura. Sai ka ga ya ɗaga hannu ya tsayar da wasa ana tsakiyar kai hari, ya zaro tsinke ya ƙwaƙule tsohuwar, ya laluba aljihu ya sa sabuwa, ya gwada sau biyu, sannan ya ce a ci gaba daga inda kowa yake tsaye. Duk wanda ya matsa taki ɗaya sai ya mayar da shi, domin ya haddace wurin kowa.

Magana ɗaya gare shi a fili, kun san ta: "In anka busa, halas." Wato an gama, kuma ba ya ƙara komai a kanta. An zage shi da Hausa, an zage shi da Larabci, an jefe shi da hoge. Wata tsohuwa ta taɓa bin sa da muciya don ya kori jikanta, ya yi ta zagaye fili tana biye, kuma yana gudun yana kallon wasa, har ya busa laifin wani a hanya. Wasa kuwa daga la'asar ne zuwa magariba, ladan ne agogonsa. Sau ɗaya ɗan wasanmu ya yanke mai tsaron gida, ba kowa a gabansa, ladan ya ce Allahu Akbar, Yaya ya busa tashi. Yaron ya zauna a ƙasa yana kuka, Yaya ya wuce ta gefensa ya ce ya tashi ya yi alwala.

Duk waɗannan dariya muke yi musu tun a lokacin. Wadda ba mu yi wa dariya ba ita ce ta Bashir, a shekarun da samari ke tafiya Damazin aikin gina madatsa.

Bashir ɗan Alhaji Tanko ne, kuma Alhaji Tanko shi ne samad, wato manomin da aka ɗora wa rabon ruwa a layin gonakinmu. Shi ke cewa yau ruwan wane, gobe na wane. Hawasharmu, gonar audugar da muka gada a wurin mahaifinmu, ita ce ta ƙarshe a layin. Muna wasa da 'yan hayin tur'a, mutanen da ke tsallaken babbar magudanar ruwa, waɗanda suka shekara uku suna cinye mu suna yi mana waƙa a kasuwa. Ana ɗaya da ɗaya, rana ta yi ja, aka ɗago ƙwallo, Bashir ya yi tsalle ya tura ta ciki. Hilla ta ɗauki ihu, mata na guɗa. Kowa ya ga da abin da ya tura ta, har ni da ke can ƙarshen fili na gani, amma duk muka zama makafi. Yaya ya busa, ya nuna hannunsa, ya ce babu gol.

Bashir ya zo har gabansa ya tuna masa wanda ke ba shi ruwa. Yaya ya nuna masa bakin fili ya ce ya fita. Muka ƙarasa da mutum goma, 'yan hayi suka ƙara mana ɗaya kafin ladan ya cece mu.

Lokacin auduga na fure ne, lokacin da ba ta haƙurin ƙishi. Ranar ruwanmu ta zo, ruwa bai zo ba. Alhaji Tanko ya ce magudana ta cushe, ruwan ba ya kaiwa ƙarshen layi. Maƙwabcinmu na jikinmu kuwa gonarsa har kwaɗi na kuka. Kwana biyar, kwana bakwai, ƙasa ta fara tsagewa, fure na zuba. Kun san abin da ke bin wannan. Idan mai duba gonaki ya zo ya tarar da hawasha ta lalace, zai rubuta cewa manomi ya yi sakaci, a karɓe a ba wani. Gida biyu ke ci daga gonar nan, nasa da nawa.

Dattawa suka kira judiyya, zaman sulhu, a rumfar liman da hantsi. Aka zuba gahawa. Ba wanda ya ambaci ruwa, amma kowa ya san don shi aka taru. Liman ya ce ba a neman a sauya sakamakon wasa, wasa ya wuce. Abin da ake so kawai Mamman ya ce a gaban jama'a wataƙila idonsa ne ya yaudare shi, rana ta yi ƙasa, ƙura ta tashi, ɗan Adam ajizi ne. Alhaji ya ji sanyi a ransa, shi ke nan.

Yaya ya kurɓi gahawa ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, rana bayana take. Da hannu yas sa ta."

Wani dattijo, Allah ya jiƙansa, wanda bai taɓa taka fili ba, ya kawo shawarar a raba kamar yadda ake raba rigimar iyakar gona, a ba Bashir rabi a ba Mamman rabi. Yaya ya tambaye shi da ladabi ko ya taɓa ganin rabin gol. Dattijon ya ce bai taɓa ganin cikakken ba ma. Mutane suka yi dariya, Alhaji Tanko bai yi ba.

Sai liman ya juyo gare ni, tunda ina cikin fili a ranar, ya ce in faɗi abin da na gani. Na tuna furen da ke zube a ƙasa, na tuna 'ya'yana huɗu. Na ce da kai ya sa ta. A gaban dattawan hilla na ƙaryata yayana, yana zaune kusa da ni har gwiwarmu na taɓa juna. Bai dube ni ba. Ya ajiye finjali, ya yi godiyar gahawa, ya ce shi dai abin da ya gani ke nan, ya sa takalmi ya fita. Ƙaryata kuma ba ta kawo ko ɗigon ruwa ba, domin ba daga bakina Alhaji ke son ji ba.

Washegari da safe Yaya ya ɗaura wa jaki garwa huɗu ya nufi tur'a. Ban ruwan hawasha da garwa, jama'a! Wanda ya san faɗinta ya san hauka ne. Kuma akwai gajeriyar hanya ta bayan gari, amma ya ƙi ta, sai ta ƙofar gidan Alhaji Tanko yake bi, tafiya da dawowa. Duk wucewa sai ya tsaya ya gaishe shi da murya sama, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi yadda cushewar magudana ke ciki, ya yi addu'ar Allah ya buɗe ta. Sau goma sha a yini. A rana ta uku Alhaji ya daina zama a ƙofar gida. A ranar ce kuma na ɗauki garwa na bi shi, ina tafe ina zaginsa a zuci, ina cewa taurin kansa zai kashe mu da yunwa. Ya miƙo mini igiyar jaki kamar jiya muka rabu lafiya.

Ana cikin haka Juma'a ta zo da wasa, Alhaji ya sa wani ɗan ƙanensa ya yi alƙalanci. Yaron ya ba mu fenareti biyu kafin kowa ya yi gumi. Baƙi suka yi masa ca, ya faɗa tur'a da tufafinsa, suka hau motarsu. Labari ya zagaye ƙauyuka, kowa ya aiko cewa idan ba Mamman ne a tsakiya ba, ba za su zo ba. Samarin hilla suka zauna ba wasa, kuma duk sun san saboda wa.

Ranar da muka cika kwana shida muna jido, da rana tsaka, sai ga Bashir a bakin tur'a. Ya karɓi garwa a hannuna ya cika, ya ɗora wa jaki, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Baba Mamman, da hannu ne."

"Ni kake gaya ma? Ni nag gani. Tahi ka hwaɗa ma wanda bai gani ba." Ya ja igiyar jaki, sannan ya waiwayo. "Kuma wanda anka kora ba shi buga wasa na gaba. Kak ka zo da takalmi ran Juma'a."

Kafin la'asar magudanar da ta cushe ta warke da kanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na audugar ya riga ya tafi, shekarar mun ci tuwo ba mai, amma mai duba gonaki ya zo ya ga kore ya wuce. Hawashar tana hannunmu har yau, ɗansa da ɗana ke nomanta.

Shekaru suka wuce bai taɓa tayar mini da maganar rumfar liman ba, ko da wasa, shi da ke tuna laifin da mutum ya yi a fili tun yana saurayi. Ni kuma kunya ta hana ni. Sai a ciwonsa na ƙarshe, wata safiya ina ba shi koko, na ce, Yaya, ranar judiyya na yi maka ƙarya a gaban mutane, ka yafe mini. Sai ya ce:

"Kana can gida tsaye, nesa, ga ƙura. Ba ka gani da kyau ba, Isiyaku."

Ya san na gani, na san ya sani. Uzurin da ya ƙi karɓa wa kansa, gonarsa na ƙonewa a gabansa, shi ya miƙo mini kyauta don kada in ɗauki nauyin bayan ya tafi. Ita ce kaɗai ƙaryar da na taɓa ji daga bakinsa, kuma na ajiye ƙwaryar kokon na fita waje na yi kuka.

Allah, ga bawanka Mamman nan ya zo gare ka. Ka yafe masa wannan guda ɗayar, domin saboda ni ya yi ta. Ka sanyaya makwancinsa, ka shayar da shi daga tafkin da ba a hana kowa rabonsa, ka haɗa mu da shi a inda babu rabuwa. Amin.