Humrar Ya Falmata a Filin Jirgi

Laraba, unguwar Lamisula

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar Asuba, ƙanena Modu ya tsaya da mota a ƙofar gida. Abuja na nufa, wajen 'yata Yagana da ta yi haihuwar fari. Mahaifiyata, Ya Falmata, ta lalubo bango ta fito da kwalbar humra, turaren nan namu na mata, cike har wuya. Wata biyu tana haɗa ta da farcen turare da sandal da almiski, ga ido ya tafi, da hanci kawai take awo.

"Ita ce ta ƙarshe da hannuna zai yi," in ji ta. "Ki riƙe a jikinki. Kada ki sa cikin kayan da ake jifa da su."

Na naɗe kwalbar a ɗankwali, na tura ta ƙasan jakar hannu.

Filin jirgi

Shida da kwata muka wuce shingen sojoji. Modu ya sauke ni ya juya, wai yana da shago. Jirgin ƙarfe tara sai da ya koma sha ɗaya, ba wanda ya ce mana ko sannu. Na ba da babban akwati aka auna, ya shige ciki, na bi layin bincike hankalina kwance.

Jakata na shiga na'ura, wata ma'aikaciya ta ɗaga hannu.

"Mama, mene ne a kwalba?"

"Humra ce, 'yata."

"Ta wuce mililita ɗari. Ba za ta shiga ba."

Na ce turare ne, ba fetur ba. Na buɗe mata ta shinshina, har ta lumshe ido, sannan ta nuna mini kwandon da ke gefe. Zuma ce a ciki, da man shanu, da robobin ruwa, kowa da asarar da ya tafka. Wani Alhaji a bayana yana ta tsaki wai na tare hanya, alhali yanzu aka karɓe masa almakashin gyaran gemu.

Na ce a dawo mini da akwatina, aka ce yana cikin jirgi. Na ce su ajiye mini, aka ce ba sa ajiya. Na kira Modu, ya ce yana shagonsa a Hausari, kuma saura minti goma a rufe ƙofa. Wallahi raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba. Shekarata hamsin da shida, ban taɓa ɗauke wa kowa allura ba, yau ga ni tsaye ba takalmi, ana kallona kamar an kama ɓarauniya.

Ma'aikaciyar ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, kwalbar ce ba za ta wuce ba. Tufafi kuwa ba ruwana da su."

A jakar akwai sabuwar laffaya da na saya wa mai jego. Na shimfiɗa ta a kan benci, na riƙa tsiyaya humrar ina ninkewa, har ɗigon ƙarshe. Na ƙulle ta a leda biyu. Kwalbar na jefa a kwando da kaina.

Cikin jirgi

Awa ɗaya da minti ashirin, ledar ba ta hana komai ba. Alhajin nan, da Allah ya haɗa mu kujera, atishawa ya yi ta yi har Abuja. Aka raba biskit da ruwa a roba. Na kalli ruwan, na ce ashe nasu yana da izinin hawa sama.

Abuja

Ƙarfe biyu da rabi na isa gidan. Ko sallama ban gama ba Yagana ta ɗago daga kan gado.

"Mama, ƙamshin Kaka nake ji."

Na miƙa mata ledar, na gaya mata yadda aka yi. Ta tusa fuska a laffayar ta yi ta kuka, ni ma na taya ta. Kwana tara na yi. Da ita ta fito ranar suna, ta kuma rantse ba mai wanke ta.

Komawa gida

Ranar Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma, na sauka daga keke napep a ƙofar gida. Alhamdu lillahi, na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni, na gode wa yarinyar nan ta filin jirgi da ban ma tambayi sunanta ba. Tun daga Abuja nake shirya ƙaryar da zan yi wa Ya Falmata, ina ganinta a kan tabarma na kasa. Na faɗa mata duka.

Ta juyo da fuskarta wajena.

"Yagana ta gane hannuna?"

"Tun kafin in buɗe jaka."

Ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin gyale.

"To, ɗauko turmi ki zauna," ta ce. "Ni zan shinshina, ke ki daka."