Yashin da Ban Goya Ba

A shekarun farko da aka yanke mana jihar Kebbi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Jega. Ina da babur, ina da agogo, kuma a ganina duk garin babu wanda ya kai ni sanin duniya, alhali iyakar tafiyata Kaduna. A lokacin ne ƙungiyarmu ta malaman labarin ƙasa ta shirya zuwa hawan babban dutsen nan na ƙasar Kamaru, wanda kullum muke zana wa ɗalibai a allo. Gurbi ɗaya aka ba yankinmu, mu biyu kuma muka nema: ni da wani malami siriri mai sanyin magana da ke koyarwa a Mungadi ta ƙasar Maiyama.

Jagoran tafiyar wani tsohon soja ne. Ya aiko mana da takarda mai bayanin shiri. A nemi fasfo da katin allurar shawara. A sami rigar sanyi mai kauri, da safa, da hula mai rufe kunne, da bargo, da tocila, da takalmi irin na sojoji. Ya ce can sama iska ba ta isar ƙirji, kai yana ciwo, wani har amai yake yi, don haka a riƙa shan ruwa, a hau a hankali. A ƙarshe ya ja layi biyu ƙarƙashin magana ɗaya: kowa ya zuba yashi a jaka, ya goya, ya sa takalmin nan ya riƙa tafiyar ƙasa kullum har wata biyu. Bayan nan zai zo ya gwada mu, wanda ya fi ƙwari shi ke da gurbin.

Duk abin da ake saye na gama shi cikin mako guda. Na je Sakkwato na yi fasfo, na shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Jega na zaɓi rigar sanyi ja wur. Takalmin kuwa na goge shi har yana ƙyalli.

Tafiyar ce ta gagare ni, kuma ba ƙafa ce ta hana ba. Ranar farko na fito da hantsi da jakata a baya, na kama hanyar Aliero. Ban wuce tasha ba wani direba ya taka birki ya leƙo.

"Malam, lahiya? Mashin ɗin na yal lalace?"

Na ce motsa jiki nake yi. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya ce Allah shi sawwaƙe. Gaba kaɗan wani mahauci da nake sayen nama wurinsa ya tare ni a asirce, wai in matsi ne ya sa na sayar da babur in faɗa masa, ba a jin kunyar ɗan'uwa. Kafin la'asar surukata ta aiko a tambayi ko lafiya, don an ce an gan ni ina yawo da yashi a baya. A wurinmu mai babur ba ya tafiyar ƙasa da kaya sai in ya karye ko ya taɓu. Na zubar da yashin a bayan gida, na mayar da takalmin kwalinsa kamar na sallah.

Ina da yaya a Aliero, ɗan dako ne a kasuwar albasa. Da wuyansa ya yi mini karatu, buhu bayan buhu. Da labari ya kai masa ya zo har gida.

"Ƙanena, taho Aliero ran kasuwa in ɗora maka rabin buhu," in ji shi. "Can babu mai kallonka, kowa da kaya bisa kai."

Na ce, "Yaya, ni hawan dutse za ni, ba dako ba."

Ya yi 'yar dariya, ya shafa wuyansa, ya kawo wata magana daban. Har yau in na tuna bakina ne ya faɗi haka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malamin Mungadi kuwa kullum yana kan hanya tsakanin ƙauyensu da Maiyama da yashinsa. An ce mutane har fitowa suke yi kallonsa, shi kuma sai ya ɗaga musu hannu ya wuce. A ɗakin malamai ni ne kan gaba wajen yi masa dariya.

Sai da saura kwana uku gwaji hankalina ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani, amma na riga na cika gari da cewa za ni Kamaru. An ce ranar gwajin daga Jega za mu tashi a ƙasa, jagora zai wuce da mota ya jira mu a Aliero. Na hau babur na sami yayana a inuwar rumfa, na faɗa masa abin da nake so ba tare da na dubi idonsa ba.

"Nan ni ɗaukar maka," ya ce. "Can hwa, wa za ya ɗauka?"

Na ce masa can akwai masu ɗaukar kaya, shi dai ya taimake ni.

Ranar gwaji jagora ya ɗaga jakunkunanmu ya ji nauyinsu, ya sallame mu. Na fita da sauri kamar an koro ni, don in ɓace wa abokin takarata. Bayan gari yayana na jira gindin wata tsamiya. Ya karɓi jakar ya ɗora a ka, muka bar titi muka bi ta gonaki. Yana gaba da silifas ɗinsa yana tafiyar nan tasu ta 'yan dako mai kama da sassarfa, ni ina baya hannu sake, ina haki. Dab da Aliero ya sauke mini, ya gyara mini igiyar a kafaɗa, ya juya ya tafi ta wata hanya. Na isa wurin jagora na tarar yana shan shayi, ya dubi agogo ya jinjina kai. Malamin Mungadi ya iso can baya, rigarsa sharkaf, leɓɓansa sun bushe. Jagora ya ce gurbin nawa ne. Malamin ya ajiye jaka ya miƙo mini hannu ya ce Allah ya sa alheri.

Mun je Kamaru. Ranar farko, tun muna cikin daji ba mu kai inda bishiyoyi ke ƙarewa ba, takalmin ya sale mini dugadugai. Kafin mu kai bukkar farko da ake hutawa ƙirjina ya toshe, kaina na sarawa, na amayar da abin da na ci. Ɗan ƙasar da ke nuna mana hanya ya dube ni ya ce wannan ba zai ci gaba ba. Aka haɗa ni da mutum guda ya sauko da ni. A garin da ke gindin dutsen na zauna da ƙafa cikin ruwan gishiri har sauran suka kai ƙololuwa suka dawo. Duk cikinsu babu ɗan yankinmu, jagora kuma ba mai yawan magana ba ne.

Da na dawo Jega gida ya cika da masu barka da zuwa. Kwana biyu ina ba da labarin saman dutse, wanda na tsinta a bakin waɗanda suka hau: baƙin dutse kamar gawayi, sanyi mai sa yatsu su ƙage, gajimare a ƙarƙashin ƙafa. Yayana ya zo ya zauna a gefen tabarma. Ya dubi dugadugaina sau ɗaya, bai tambaye ni komai ba.

Rana ta uku malamin Mungadi ya zo a keke, tun daga can. Ya ce in ba shi labarin tun daga farko, yana so ya kai wa ɗalibansa, don sun matsa masa. Ya fito da takarda yana rubutawa. Na ba shi duka, har da iskar da wai ta kusa kayar da ni a ƙololuwa. Da na gama ya rufe takardar, ya yi ajiyar zuciya.

"Wallahi Malam, Allah ya yi mani gyaɗar dogo," ya ce. "Gara da kai kat tahi. Da ni na, da na ba yankinmu kunya."

Kowa ya yi dariya. Yayana ya miƙe, ya zura silifas ɗinsa, ya ce motar lodin albasa na jiransa a Aliero. Malamin ya ce bari ya raka shi bakin hanya, suka fita tare, ni kuma na kasa tashi daga inda nake zaune.