Gulbi a Bangon Ɗakin Atika

Duk amaryar da aka kai ɗaki a Bagudo a 'yan shekarun nan, in ka ga bangonta yana ƙyalli kamar sabuwar tukunyar dalma, kada ka wahalar da bakinka da tambaya, hannun Atika ne. Atika Mai Silba ake ce mata. Gajeruwa ce, ga faɗa ga surutu, kuma ko ranar Sallah ba ka rasa fenti a ƙarƙashin farcenta.

A Tsamiya aka haife ta, bakin iyakar Benin. Tun tana yarinya, in an sa ta wanke-wanke sai ta kama murfin kwano guda ta yi ta goge shi da toka tana haska shi a rana, sauran kwanuka kuwa ko oho. Ta sha duka a kan haka, bai hana ta ba. Tana budurwa suka tsallaka Segbana biki, aka shigar da su ɗakin amarya, ɗan tsukut kamar rumbu. Amma bango ɗaya an shafe shi da fentin nan mai ruwan azurfa da ake shafa wa salansar babur. Kai! Atika ta saki baki. Gani ta yi kamar an ture bangon ya ja da baya, ɗaki ya buɗe, ya yi numfashi. 'Yan biki suna ta kan shinkafa, ita tana shafa bango da yatsa tana shinshinawa.

Ba wanda ya koya mata aikin, ɓarna ce ta koya mata. Ita ta gano cewa bangon laka mai danshi ba ya riƙe silba, sai an yi masa shafen siminti ya bushe ƙayau. Burushi kuwa ta ce na masu fentin ƙofa ne. Da soson wanka take aiki, ta tsoma, ta matse, ta riƙa dangwalawa tana karkata hannu, layi bisa layi kamar ɓawon kifi. Kuma bango ɗaya tak take yi, wanda ke kallon ƙofa. In uwar amarya ta nace a shafe duka huɗun, sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Hajiya, ɗiyarki za ki kai ɗaki ko cikin tukunya za ki sa ta?"

Mijinta Ma'azu masunci ne daga wani ƙauye kusa da Kaoje, mutum mai shiru-shiru, in ya yi magana biyu a yini to ya yi surutu. Dokarsa ɗaya ce: kada warin fenti ya kusanci ɗakin da yake rataye komarsa, wai kifi yana jin warin kananzir ya gudu. Don haka matar da ta haskaka ɗakunan rabin gari, nata ɗakin duhu ne ƙirin. Ko da ambaliya ta cinye gidansu suka dawo Bagudo suka kama ɗaki a gidan haya, dokar ba ta canza ba.

Sai bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. An yi asibiti, an dawo da shi ɗakin da magunguna, aka ce a riƙa kawo shi ana dubawa. Mutumin da tun tasowarsa idonsa na kan ruwa, ga shi kwance yana kallon siminti. Ya daina cin abinci. Fura, kunu, romon kifi, duk ya kau da kai. Abu ɗaya yake faɗa da karkataccen bakinsa: "Ku maishe ni gulbi."

Wansa Bunyaminu ya zo dubiya, ya ga yadda ya rame, ya kira Atika waje. "In na dawo ranar kasuwa bai ci ba, zan tahi da shi gida," in ji shi. "Gara ya cika yana kallon ruwa."

"Yaya, can ba likita, ba hanya."

"Nan ɗin da likita, ya ci?"

Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don ta san in aka ɗora shi a mota aka nufi ƙauyen nan, ba zai sake dawowa ba.

Washegari ta roƙi maƙwabta suka fito da shi ƙarƙashin rumfa, ta kwance komar ta kai zaure, ta buɗe gwangwanin fenti. Ba wata dabara a ranta, wallahi. Abin da ta iya ke nan, kuma hannunta yana neman abin yi. Ta yi ta dangwala soso tana share hawaye da gefen zane, har bangon da ke fuskantar ƙofa ya cika. Da ɗakin ya sha iska aka mayar da Ma'azu ciki, ya kalli bangon sau ɗaya, ya yamutsa fuska ya ce, "Wari." Ya juya kai. Ai kuwa Atika ta ji kamar ta kwarara ihu.

Da hantsin washegari ta ɗauko bahon ruwa za ta goge masa jiki, ta dire shi a bakin ƙofa ta koma ɗauko sabulu. Ƙofar ɗakin gabas take kallo. Rana ta faɗa cikin bahon, hasken ya tashi ya hau bango. Da ta dawo sai ta tsaya cak. Bangon yana motsi. Ɓawon kifin nan nata duk ya narke ya zama igiyar ruwa, tana tafiya tana dawowa, tana lanƙwasa, wani wuri ya yi fari fat, wani ya yi duhu kamar gurbi mai zurfi. Ɗan ɗakin hayar nan ya koma bakin gulbi da safe, saura kawai ka ji kukan tsuntsaye. Ma'azu kuwa ya zuba wa bangon ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

Ruwan bahon ya fara kwanciya, bangon ma ya fara tsayawa.

"Taɓa shi," in ji Ma'azu.

Ta durƙusa ta sa yatsa ta kaɗa. Gulbi ya sake tashi. Da ɗaya hannun ta jawo kwanon fura a hankali, ta kai ludayi bakinsa. Bai dubi ludayin ba, idonsa na can, amma ya buɗe baki. Ya haɗiye. Ta ƙara, ya karɓa. Haka suka yi ta yi, hannu ɗaya a baho, ɗaya a kwano, har rana ta haye saman ƙofa, hasken ya sauka daga bango.

Ma'azu ya lumshe ido, har ta ɗauka barci ya yi.

"Atika."

"Na'am, Malam."

"Ruwan ga baya yaka gudu. Namu hagu yaka yi." Ya numfasa. "Gobe ki aje bahon ɗaya gehen, in gani."

Gobe. Atika ta ce to, ta kwashi kwanon ta fita, ta zauna bayan ƙofa ta toshe baki da zane don kada ya ji kukanta.