Gaba Nawa Kuka Ƙara wa Igiya?

Jama'a, yau da hannuna na yi wa mutum barka a kan masifa!

Kun san guruf ɗin nan da na buɗe kan ƙafewar rijiyoyi. Ya cika maƙil, amma mu huɗu ke magana. Sauran su karanta su yi gum.

Da safe na zura guga a rijiyar gidanmu nan Mafara, ya dawo da laka. Raina ya ɓaci. Na rubuta: "Kowa ya faɗi gaba nawa ya ƙara wa igiyar gugansa bana. In kuka yi shiru in rufe guruf ɗin, kowa ya huta!"

Sai waya ta kama ƙara! Mutanen da ba su taɓa cewa uffan ba!

Wata mata daga Garbadu ta ce, "Gaba biyu." Wani mahauci a Bakura ya ce, "Ukku. Har igiyar ɗaure shanu na haɗa."

Can sai ga saƙon murya daga wani dattijo na wajen Damaga: "Mu ba mu ƙara komi ba."

Na yi caraf na rubuta, "Alhamdulillahi, Baba! Barka! Faɗa muna sirrin."

Ya ce, "Ɗana, wace barka? Mai ruwa shi ka ƙara igiya. Tamu ta ƙafe ƙaf. Na kwance igiyar na ɗaure kayanmu da ita. Bisa mota nike maka magana."

Barkata na nan a rubuce, kowa ya gani.