Basillar Yakuba

Idan ka bi hanyar garake a unguwar Gamkalle, nan Yamai, har ka hango kogi, za ka tarar da wata garka mai kurmin gora a gefenta. Ta Yakuba ce, taubashina. Salat da kabeji yake nomawa, su ne abincin gidansa, amma ba wanda ya san shi da su. Kibiya aka san shi da ita, kuma wannan shi ne abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Tare muka taso a Tawa, tare muka zo Yamai muna samari. Ni na zama maƙeri, na kafa rumfata a unguwar Talaje, shi ya kama garka. Kakanmu maharbi ne. Baka da kwari ya bar mana, sai muka raba gadon ba tare da mun yi shawara ba: ni nake ƙera tsinin kibiya, shi yake ɗaura shi a jikin gora. Akwai dattawa wajen goma da ke haɗuwa duk Lahadi da hantsi a rairayin bayan garake, su rataye buhu cike da ƙaiƙayi su yi ta harbi. Ba farauta, ba dafi, sha'awa ce kawai. Duk kibau ɗin da ke kwarinsu daga hannunmu suka fito.

Na ce hannunmu, amma su ba haka suke cewa ba. Kibiyar Yakuba suke cewa.

Ba zan hana shi iyawarsa ba, ko da raina yana so. Yakan yanki siraran gora ya shanya su a inuwa wata biyu, ya miƙar da su a kan garwashi. Yana yanke kowace yadda gaɓarta za ta zauna tsawon yatsa ƙasa da baki. Sai ya naɗe bakin da jiƙaƙƙiyar jijiyar saniya, ya bari ta bushe ta kama. Daga nan ya gasa basillarsa ta yi ja, ya huda bakin gorar, ya ɗiga ƙaro da kakin zuma, ya tura wutsiyar tsinin a hankali har ta zauna. Gora ba ta da haƙuri. Rami ya yi faɗi, tsini ya yi rawa. Ya matse, ta tsage a harbin farko. Wannan basillar ni na ƙera masa ita shekara talatin da suka wuce, daidai kaurin wutsiyar tsinina. Tun daga ranar bai taɓa gwada tsinin da na kawo masa ba. Karɓa yake yi, ya zuba a ƙwarya, ya ci gaba da hira.

Wasan taubasantaka ya rufa mini asiri. Nakan ce masa mai ɗaura kara, shi ya ce mini mai toya ƙarfe, a yi dariya. Shi dariya yake yi. Ni rabin maganata gaskiya ce.

Abin da ya ƙarasa ni wani ɗan hoto ne mai motsi. Adamu, shugaban ƴan harbin, ya ɗauki Yakuba da wayarsa yana aiki, hoton ya yi ta yawo har Maradi da Damagaram. Na kalle shi ya fi sau ashirin. Ga tsinina yana ƙyalli, mai kunne biyu, wanda na yi yini ina gogewa. Adamu yana ta yabon hannun Yakuba, bai ko ambaci maƙeri ba. Ina wurin fa aka ɗauka. Ƙafata ce kawai ta fito, da tsohon takalmina. Saboda hoton nan wasu maharba daga Dogonduci suka aiko cewa za su zo su gwada hannu da mutanenmu, aka ce Yakuba ya shirya sababbin kibau goma sha biyu.

Na ƙera tsini goma sha biyu. Kowanne na bar wa wutsiyarsa ɗan kauri daga sama, kaɗan, abin da ido ba zai kama ba. Na gaya wa kaina so nake a tuna cewa ƙarfe ma yana da magana. Na kai masa, ya zuba a ƙwarya, ya ba ni salat in kai gida.

Ranar Lahadin da aka sa, baƙi suka zo, mutanen unguwa suka taru. Adamu ya fara harbi. Kibiyar ta sami buhu, muka ji ƙas, gora ta dare har gaɓa. Ta biyu ma haka. Da ta biyar ta dare, wani baƙo ya nuna Yakuba ya tambaya cikin ladabi ko wannan ne mutumin da ke cikin hoton. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, daɗi mai ɗumi har cikin ciki. Yakuba ya tsince kibau ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya shige garkarsa.

Na yi zaton zai zo da faɗa, har na shirya amsa. Sati biyu shiru. Sai ga matarsa Balkissa a rumfata da wani abu a naɗe cikin tsumma. Basillar ce. Ta ce Yakuba ya ce a ba ni, ya bar aikin. Ta ce ya fara sare gorar yana kafa wa tumatir, abinci ma sai ta matsa masa.

Na gwada aikin da kaina, kada ka ce ban gwada ba. Gora tara na fasa, da tsini mai kyau. Sai na ɗauki basilla na tafi Gamkalle.

Na same shi yana ban ruwa. Na tsokane shi, bai rama ba. Ya ajiye bokiti ya ce tun yana tura tsinin ya ji tauri, sai ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ragu. Na ce ko dai daga ƙarfen ne.

"Haba, taubashi," ya ce. "Ƙarhenka bai taɓa yi min ƙarya ba. Hannun ga ne ya mutu. Gara in bari tun ban ƙara ɓata maka aiki ba."

Shekara talatin ina jiran wani ya yabi ƙarfena. Ga shi an yaba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na zauna a bakin fangali na gaya masa komai, har da takalmin da ya fito a hoto.

Ya dubi tafin hannunsa.

"Ke nan hannuna shina nan?"

Na ce yana nan. Ya miƙo hannu na ba shi basillarsa. Bai zage ni ba, bai kuma gaya wa Adamu ba. Har gobe mutanen Dogonduci sun ɗauka hoton ya fi mai shi, shi kuwa bai damu ya gyara ba. Na so a ce ya zage ni.

Gorar ta sake tofowa, ya koma aiki. Kibiyar Yakuba ake cewa har yanzu, kuma in na ce abin ya daina sosa mini rai na yi ƙarya. Ina kai masa tsini kamar kullum, yana ba ni salat, yana kirana mai toya ƙarfe. Sai dai ba ya zubawa a ƙwarya. Yakan ɗauko basillar, ya jera ta da wutsiyar kowane tsini, ya shafa da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsaye ina jira ya gama.