Tabon da ke Hoton Kan Ƙanena

Ƙanena ke ba albasarmu ruwa a ƙasan dam ɗin Goronyo. Sau uku ya ɓata mini rai a rani guda, cikin 'yan watanni kafin ya yanke jiki ya faɗi. Da farko ya bar bakin ruwa buɗe har ruwan ya cinye gonar maƙwabci. Na biyu, fartanya ta suɓuce masa ina cikin yi masa magana. Na uku, na tambaye shi abu ya tsaya kallona kamar bai fahimta ba. Duk ukun na zage shi gaban mutane, na kira shi malalaci.

Da ya faɗi, muka kai shi Sakkwato aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ta nuna mini wasu fararen tabo. Ta ce jijiyoyin wuyansa sun tsuke, jini ba ya isa sama sosai. Tabon wuraren da suka mutu ne, kuma sun girmi faɗuwar da watanni.

A mota na ce, "Ka yafe mini."

Ya daɗe yana dubana. "Mi ka yi man, Yaya?"

Na jero masa su bi da bi. Bai tuna ko ɗaya ba.