Waɗanda Ba Su da Unguwa

Edita, ina roƙon a ɓoye sunana. A lokacin da abin ya faru ban jima da gama karatun kwamfuta ba, ina gidan iyayena a Lafiya, yarinya mai shiru wadda ta fi son rubuta waƙe da shiga taro. Wata ƙaramar ƙungiya mai taimaka wa makiyaya ta ba ni aikin rubuta manhaja da za ta riƙa tura musu saƙon waya duk ranar da masu allurar shanu za su zo yankinsu. Ƙawata ta makaranta, Bafulatana, ita ta samo mini aikin, ita ce kuma ta lallashi mahaifinta, wanda nake kira Baffa, ya ba da lambarsa. Ya ce mata shi ba ya yarda da maganar waya, amma tunda ni, 'yarsa ta birni, na ƙera abin, ya yarda.

Yaren kwamfutar da na yi aikin da shi ina sonsa, don komai a cikinsa ƙananan ayyuka ne, kowanne ya karɓi abu ya miƙa wa na gaba, kamar baitocin waƙa. Yana da mai tantancewa, wani shiri da ke duba ko kowane bayani ya dace da irin da aka ce shi ne, lamba ko rubutu. Sai dai yaren yana da sassauci: idan ka yi wa bayani alamar kowane iri, mai tantancewar ya ɗauke ido daga kansa.

Wuri ɗaya ya hana ni sakat. Manhajar tana raba saƙo ne bisa unguwar mutum, mai tantancewar kuwa ya ja jan layi yana cewa gurbin unguwa yana iya zuwa babu komai a ciki. Na juya aikin, na sake shi, na karanta dogon ƙorafinsa har idona ya yi zafi. Duk sunayen da na yi gwaji da su suna da unguwa, don ni na ƙirƙire su, ni da ban taɓa kwana inda babu suna ba. Sai na ɗauka rigima ce kawai. Na tambayi wani babba a ofis, yana ƙoƙarin shiga keke napep ya ce ƙanwata, sa masa kowane iri mu miƙa aiki. Ba na ɗora masa laifi, bai ga abin da na gani ba. Na sa. Jan layin ya ɓace, har na ji daɗi.

Ashe masu yi wa makiyaya rajista sun bar gurbin unguwa a fili ga duk mai yawo da shanu, Baffa kuwa a wannan shekarar yana tsakanin dajin Obi da na Awe. Kowane saƙo shi kaɗai yake tafiya, saƙon da ya rasa unguwa sai ya mutu shiru, sauran su wuce. Da ciwon huhun shanu ya shigo, makiyaya mazauna suka sami saƙo suka kai shanunsu. Baffa yana ta jiran wayarsa ta yi ƙara. Kafin ya ji labari masu allura sun tafi. Shanunsa da dama suka faɗi, har da saniyar da ya ba ƙawata tun tana jaririya.

Ƙawata ta zo gidanmu ba ta yi faɗa ba, ta tambaye ni ko wayar tasu ce ba ta da kyau. A gabanta na buɗe kwamfuta na cire alamar. Jan layin ya dawo da maganarsa ta farko, ba ƙari ba ragi. Gyaran ɗan kaɗan ne: wanda ba shi da unguwa a tura masa sanarwar ko'ina.

Na je rugarsu na durƙusa. Baffa ya sa aka kawo mini nono, ya ce haka Allah Ya so, sannan a hankali ya roƙe ni in cire lambarsa.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, idan mai tantancewa ya tsayar da ku, kafin ku rufe masa baki ku tambayi kanku wane mutum ne yake tsaye a gurbin da ya nuna. Manhajar tana aiki lafiya yanzu. Baffa ne ba ya cikinta.